Kurakuran da ɗaliban digiri na biyu ke yi a binciken farfaɗo da ƙasar noma

Binciken da ya rushe a gaban kwamitin jarrabawa, galibi tun ranar zaɓen maudu'i ya rushe. Digiri na biyu bai cika wuce shekara biyu ba, kuma da wuya ɗalibi ya samu fiye da damina ɗaya a fili. Duk da haka sai ya ce zai dasa itatuwa ya auna yadda suka ƙara wa ƙasa albarka. Sinadarin kabon na cikin ƙasa, wanda ake aunawa don gane albarkarta, ba ya sauyawa yadda awo zai kama a wata shida. Gara ka nemi gonakin da aka fara gyarawa a lokuta daban-daban, wata shekara uku, wata goma, wata ashirin, duk a kan ƙasa iri ɗaya, ka gwada su da juna. Yankin Maraɗi ya dace da irin wannan, domin tun wajen 1983 manoma ke yin sassaben zamani, wato barin tohon kututture ana yi masa aski har ya zama bishiya. Ka ɗebi ƙasar zuwa zurfin santimita 30, ka kuma auna nauyinta gwargwadon girman gurbin da ta cika, in ba haka ba babu yadda za ka lissafa kabon a hekta.

Sai ƙidayar dashe. Rahoton da ya ce an dasa dubu goma bai faɗi komai ba. A watan Satumba kowane tsiro kyakkyawa ne. Ƙidayar gaskiya ana yin ta ne a Afirilu ko Mayu, kafin ruwan farko. Ka sa wa kowane dashe lamba tun ranar farko, wanda ya mutu ka rubuta abin da ya kashe shi: akuya, gara, ƙishi ko gobara. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kuskuren da masu duba aiki ba sa yafewa: fili ɗaya da aka yi wa tassa ko rabin wata (ramukan da ake haƙawa don tare ruwan sama), fili ɗaya da aka bari, sannan a ɗebi samfur hamsin daga kowanne a ce adadin ya kai ɗari. Biyu ne, domin fili biyu kawai aka gwada. Wataƙila tun asali ɗayan fadama ne, ɗayan jigawa. Fili biyar ko shida a kowane ɓangare, ko da ƙanana ne, sun fi wancan.

Hoton tauraron ɗan'adam kuwa nan ne ƙwararrun kwamfuta ke faɗawa rami. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya toho da rani. Wanda ya ɗauki hoton Agusta, gero da ciyawa yake aunawa; hoton Janairu ko Fabrairu ne ke nuna itatuwa. Kowane ɗigo a hoton tauraron Landsat faɗin mita 30 ne a ƙasa, na tauraron Sentinel-2 mita 10, duka suna iya haɗiye ƙaramar bishiya, don haka dole a je a tabbatar da ƙafa. Kuma in ka ɗauki 1984 a matsayin mafari, shekarar babban fari, kowane wuri zai nuna ya farfaɗo, alhali dawowar ruwan sama ce kawai. Ka ɗora bayanan ruwan sama a kan lissafin kafin ka yaba wa wani shiri. Kore ma ba kullum alheri ba ne: a fadamar Haɗejiya da Nguru, ciyawar kachala ce ta fi komai kore a hoto, ita ce kuma ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda kogin ke ambaliya.

Tambayar jama'a ma tana da nata lokacin. Wanda ya zauna a ƙofar mai gari da damina, magidanta manoma kaɗai zai ji. Makiyaya sai bayan girbi suke saukowa gonaki, mata masu itace da ganyen kuka kuma sai an samu mace ta shiga gida ta tambaye su. Kafin ka shata filin gwaji, ka tambaya ko burtali ya ratsa ta wurin, kuma wa ke da ikon sare bishiyar in ta girma.