Yadda ake gyara ɓangaren EFI da ya lalace a kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Ubuntu

Kwamfuta ta ƙi tashi, baƙin allo ya fito da rubutun grub rescue>, ko kuma ta zarce Windows kai tsaye tamkar Ubuntu ba ta taɓa zama a cikinta ba. Galibi fayilolinka lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana wani ɗan ƙaramin ɓangare na faifai da ake kira EFI, mai tsarin FAT32, wanda Windows kan yanka masa megabait 100 kacal. A nan ne kowane tsari ke ajiye abin da zai tayar da shi: Windows a foldar EFI\Microsoft, Ubuntu a EFI/ubuntu. Ɗaukewar wuta ana tsaka da sabuntawa, ko gogewa bisa kuskure, sun isa su rikita shi.

Kada ka yi gaggawar yi masa fomatin. Mafi yawan ɓarnar da ake tafkawa a wannan aiki daga nan take.

Tanadi filas biyu na aƙalla gigabait 8, ɗaya da Ubuntu, ɗaya da mai girka Windows. Idan BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, na kunne, nemo lambar ceto mai lambobi 48 daga asusunka na Microsoft tun kafin ka taɓa komai, domin sauya tsarin tashi na iya sa Windows ta tambaye ka ita. A jona caja.

Fara da filas ɗin Ubuntu. Maɓallin zaɓen abin tashi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP. Zaɓi layin da ke da UEFI, wato sabon tsarin tashi, a gaban sunan filas ɗin, ka shiga Try Ubuntu, ka buɗe Terminal:

ls /sys/firmware/efi
lsblk -f

Idan umarni na farko ya ce babu wannan folda, ka tashi ta tsohon tsarin Legacy ke nan; koma ka sake zaɓa, in ba haka ba gyaran ba zai kama ba. Na biyu zai jero ɓangarorin faifan. Ƙaramin mai alamar vfat shi ne EFI, mai ext4 kuma na Ubuntu. A misalin nan EFI shi ne /dev/nvme0n1p1, Ubuntu kuma /dev/nvme0n1p5. Naka zai iya zama sda1 da sda5, don haka ka duba da idonka, kada ka kwafa kai tsaye.

Gwada gyara mai sauƙi tukuna:

sudo fsck.vfat -a /dev/nvme0n1p1
sudo mount /dev/nvme0n1p1 /mnt
ls /mnt/EFI

Ka ga Microsoft da ubuntu duka biyu? To fayilolin na nan, jerin tashi ne kawai ya birkice. Rubuta efibootmgr, ka ga lambar kowanne, misali Boot0003 ubuntu da Boot0000 Windows, sai ka ba da sudo efibootmgr -o 0003,0000. Sau da yawa aikin a nan yake ƙarewa. Kwafi foldar EFI zuwa wani filas kafin ka ci gaba, sannan sudo umount /mnt.

Idan foldojin sun ɓace, sai a sake gina su, kuma tsari yana da muhimmanci: Windows da farko, Ubuntu daga baya. Dalili shi ne Windows na ɗora kanta a saman jerin tashi duk lokacin da aka gyara ta, saboda haka wanda ya fara da GRUB, manhajar da ke tayar da Ubuntu, zai yi aiki biyu.

Tashi da filas ɗin Windows, danna Shift da F10 a allon farko, ka rubuta diskpart, sai list vol. Nemo mai FAT32, a ce lamba 2 ce:

select vol 2
assign letter=S
exit

A wannan yanayi haruffan faifai kan sauya, Windows na iya komawa D. Tabbatar ta hanyar rubuta dir C:\Windows; in a D take, sa D a madadin C, sannan:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Sai idan fsck ya kasa kuma ɓangaren ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya za ka yi format fs=fat32 quick a cikin diskpart, bayan select vol. Duba lambar sau biyu. Kuskure ɗaya a nan na iya shafe dukan ajiyarka.

Yanzu koma filas ɗin Ubuntu:

sudo mount /dev/nvme0n1p5 /mnt
sudo mount /dev/nvme0n1p1 /mnt/boot/efi
for i in /dev /dev/pts /proc /sys /sys/firmware/efi/efivars /run; do sudo mount -B $i /mnt$i; done
sudo chroot /mnt
grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --bootloader-id=ubuntu
update-grub

Saƙon da ke cewa EFI variables are not supported na nufin an tsallake efivars a layi na uku, ko kuma ta Legacy aka tashi.

Ga tarkon da ke kama har ƙwararru. Fomatin yana canza lambar shaidar ɓangaren, wato UUID, amma fayil ɗin /etc/fstab na riƙe da tsohuwar. GRUB zai fito tsaf, ka zaɓi Ubuntu, ta yi ta jiran ɓangaren da babu shi har daƙiƙa 90, sannan ta faɗa yanayin gaggawa. Tun kana cikin chroot, wato umarnin da ya shigar da kai Ubuntu ɗin da ke faifai, rubuta blkid /dev/nvme0n1p1, kwafi gajeriyar lambar mai kama da 1A2B-3C4D, buɗe nano /etc/fstab, ka maye gurbin wadda ke layin /boot/efi.

Idan kuma Windows ba ta bayyana a jerin GRUB ba, tun daga GRUB 2.06 ake kashe os-prober, wanda shi ne ke gano sauran tsare-tsare. Ƙara GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub, ka sake update-grub. Wani lokaci ba ya gani daga cikin chroot, sai ka maimaita bayan Ubuntu ta tashi da kanta.

Rubuta exit, sai sudo umount -R /mnt, ka zare filas, ka sake kunnawa. Gwada tsarin biyu ɗaya bayan ɗaya. Da ka shiga Windows, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka ba da powercfg /h off don kashe Fast Startup, tsarin saurin tashi na Windows, domin yana barin faifan rabi a rufe rabi a buɗe, abin da ke hana Ubuntu rubutu a ɓangaren Windows.