Yadda ake zana dabbobin tatsuniya a jikin tukunyar ƙasa

Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Abin da ya fito da sunanta shi ne dabbobin da take tsagawa a jikin randa: kada, ƙadangare, kunama, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsu. Salon Gwari ne da ta taso da shi a garin Kwali, kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Wannan aiki ba ya buƙatar inji ko murhun zamani. Abin da yake buƙata shi ne sanin lokacin da yumɓu ya isa a taɓa shi da tsinke.

A fara da yumɓun. A shanya shi ya bushe, a daka, a tankaɗe, a jiƙa ya kwana biyu. Sai a daka tsingaro, wato fasasshiyar tsohuwar tukunya, ya yi kamar tsakin gero, a zuba kwano 1 cikin kwano 3 na yumɓu, a cuɗa har ya daina manne wa hannu. Tsingaron ne ke buɗe wa ruwa hanyar fita, shi ya sa tukunyar da ba shi takan fashe a wuta. Kafin a gina babban abu, a mulmula ɗan sanda mai tsawon santimita 10, a bar shi ya bushe, a sake aunawa. Idan ya ragu da fiye da santimita 1, yumɓun ya cika danƙo, a ƙara tsingaro.

Ginin kansa ba sai an daɗe a kai ba. Maginan Gwari kan ɗora curi a ƙasa, su huda tsakiya, su riƙa jan bango sama suna zagaya tukunyar, sannan su ɗora mulmulallen yumɓu zobe kan zobe. A kankare ciki da sakaina har kaurin bango ya zo milimita 7 zuwa 10, kuma ya zama ɗaya ko'ina. Inda ya fi kauri, nan ne zai tsage.

Yanzu sai jira, kuma a nan yawancin masu koyo ke ɓata aiki. A ajiye tukunyar a inuwa ta sha iska. Ana so ta kai inda yatsa ba ya lotsa ta, amma farce yana barin shaida, kuma idan aka kara ta a kumatu ana jin sanyi. Da damina wannan kan ɗauki kwana biyu ko uku. Da hunturu wuni ɗaya ma ya isa, don haka a rufa mata leda. Idan aka yi tsaga tana da ruwa, bakin layin zai tashi ya yi kaca-kaca, ya sake rufewa. Idan ta bushe ƙarau, tsinke zai riƙa ɓantare ta, layin ya fito da haƙora.

Da ta kai, a goge jikinta da dutse mai santsi har ya yi sheƙi. Goga tukuna, zane daga baya, don dutse yana toshe tsagar da aka riga aka yi.

Sai a raba fili. A ja layi biyu a kafaɗar tukunya da ƙasan cikinta, a raba tsakaninsu gida huɗu ko shida da layukan tsaye. Kowane gida dabba ɗaya. A cike iyakokin da murɗaɗɗiyar igiya ko totuwar masara, a mirgina ta da tafin hannu ta bar sawu.

Wajen zaɓen dabba, a duba siffar tukunyar kafin a duba labarin. Macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda labari ya ce Bayajidda ya kashe, ya dace da tulu, don ana iya nannaɗe shi a wuya ya zama bakin tulun ne rijiyar. Gizo yana son fili mai faɗi saboda ƙafafunsa takwas. A matse shi a ƙaramin gida sai ya koma kamar kaska. Kada da ƙadangare an fi zana su ta sama, kamar mutum na tsaye yana kallonsu a ƙasa, ƙafafu huɗu a baje, saboda kumburin tukunya yana karkatar da dabbar da aka zana ta gefe. Akwai masu saye da ba sa son hoton abu mai rai a ɗaki. Ga su sai a yi ganyen kuka, dagi, ko sawun dabbar kawai.

A fara zana siffar sama-sama da tsinken tsintsiya, sannan a bi da ƙusar da aka dasashe bakinta. Zurfin tsaga kada ya wuce milimita 2. A ja layi sau ɗaya da ƙarfin hali, daga kai zuwa jela. Jikin dabbar a cike shi da gajerun layuka masu giciye, a bar bayan fili sumul, ta haka take fitowa daga nesa. Ɓurɓushin da ya taru kada a share shi da yatsa. A bari ya bushe, a kaɗe da gashin kaza.

Mai son farin zane sai ya cusa farar ƙasa a cikin tsagar, kamar yadda aka riƙa yi wa tukwanen Ladi Kwali a Abuja. Irin ta Ƙanƙara a jihar Katsina tana yi. A gwada ta da ruwan lemun tsami: idan ta yi kumfa, ba ita ba ce, kuma za ta kumbura ta ɓalle bayan gashi. A dama kashi 2 na farar ƙasar da kashi 1 na yumɓun tukunyar, don su motse tare, ya yi kaurin kunu. A shafa, a jira ya sha iska, a kankare saman da reza.

A bar tukunyar ta bushe a inuwa mako ɗaya zuwa biyu, sannan wuni guda a rana. Ranar gashi a kife ta a kan ɗan garwashi na kamar awa ɗaya. Ragowar ruwan da ke ciki yakan zama tururi a zafin digiri 100, idan bai samu hanya ba ya tarwatsa bango. Bayan haka a shimfiɗa itace, a jera tukwane, a lulluɓe da ƙirare da busasshiyar ciyawa, a kunna lokacin da iska ta kwanta. Irin wannan wuta takan kai digiri 600 zuwa 800 cikin awa ɗaya ko biyu. Baƙin tabo yana fitowa inda itace ya danne iska ba ta shiga ba, don haka a juya fuskar dabbar waje.

Idan ana son launin ƙasa-ƙasa mai duhu, a tafasa ɓawon ɗorawa a yi makuba, a zaro tukunyar da dogon sanda tana da zafi, a yayyafa mata da tsintsiya. Makuba tana rage yoyo, amma tana rina farar ƙasa, saboda haka a zaɓi ɗaya. Bayan ta huce a ƙwanƙwasa: ƙara mai tsini alamar ta gasu, sauti a dushe kuwa akwai tsaga ko wuta ba ta ratsa ta ba.