Yadda za ka haɗa kwamfutar tebur cikin sabon kes

Kafin komai ka zare filogi ka taɓa ƙarfen kes ɗin, wato akwatin kwamfutar, da hannu, balle lokacin hunturun Zariya da iska ke bushewa, ɗan tartsatsin nan na jiki ya isa ya lalata maka RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Firosesa da RAM ka sa su tun madabod, wato babban allon da ake haɗa komai a kansa, tana waje kan kwalinta, akwai ƴar alamar kusurwa uku a gefen firosesan, ka daidaita ta da ta soket zai zauna da kansa, don Allah kar ka danna. Man tamal, wanda ake ɗigawa kan firosesa don ya miƙa zafinsa ga fanka, kamar ƙwayar wake ya wadatar, sai ka ɗora fanka.

Inda aka fi ɓarna shine ƴan ƙusoshin tagulla da ake ɗaurawa cikin kes kafin a ɗora bod, su ke hana ta taɓa ƙarfe, in ka bar ɗaya inda bod ba ta da rami to wuta za ta iya haɗuwa. Farantin baya, mai ramukan da ake soka wayoyi, ma shi ake fara sawa kafin bod. Sai fawa saflai, babbar waya mai fin (pin) 24 da ta firosesa mai fin 8, ta firosesan ita ake yawan mantawa a yi ta kunnawa shiru.

In ka shiga PZ, unguwar shagunan nan ta Zariya, sayen kaya ka haɗo da UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, saboda yanayin wutar nan tamu.