Yadda yaranmu na Amurka za su nemi sukolashif tun kafin a rufe ƙofa

Wannan bayani na iyaye ne da ke zaune a Amurka, irin mutanenmu na Bronx da Greensboro, waɗanda yaransu suka kusa gama sakandare. Kuɗin tallafi na ɗalibai baƙar fata da sauran marasa rinjaye akwai shi sosai, matsalar dai manya-manyan ana rufe su ne tsakanin Satumba da Janairu na aji 12, mu kuma sai wajen Afrilu, takardar kuɗin jami'a ta iso gida hankali ya tashi, sannan a fara buga waya ana tambayar ina za a samu.

Kafin komai a duba takardar zaman yaro, don ita ce ke raba hanya. Wanda aka haifa a can ko yake da girin kad, kusan duk ƙofofin a buɗe suke gare shi. Ron Brown Scholar Program tana ba da dala 40,000 a shekara 4 kuma tana karɓar mai girin kad, amma Jackie Robinson Foundation, wadda Rachel, matar ɗan wasa Jackie Robinson, ta kafa a 1973, sai ɗan ƙasa kawai. Wanda kuma ya zo daga gida da bizar karatu ta F-1, gaskiya kar ya ɓata lokacinsa a kan waɗannan, gara ya nemi tallafin jami'ar kanta, ko ya bi ta ofishin EducationUSA tun yana Abuja ko Legas.

Sai fom ɗin FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, wanda a al'ada ake buɗewa 1 ga Oktoba. Kyauta ake cikewa, duk wanda ya ce ku biya shi kuɗin fom ɗan damfara ne. Da shi ake gane ko yaro ya cancanci Pell Grant, tallafin gwamnati ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara, kuma ba bashi ba ne. Cancantar Pell ɗin nan ita ce mabuɗin wasu, misali Gates Scholarship ba ta kallon wanda bai cancanci Pell ba, ga shi kuma tana rufewa tun tsakiyar Satumba. To a nan ne iyaye maza ke kawo cikas, fom ɗin yana buƙatar bayanin harajin gida, Alhaji kuma direban tasi ne ko mai shago, ba ya so yaro ya san abin da ke shigowa, sai ya riƙa cewa gobe, jibi. Don Allah Alhaji a ba da haɗin kai, in ba a sa bayanan nan ba yaro ne zai yi asara.

Idan takardar tallafi ta fito daga jami'a a karanta ta layi-layi. Suna haɗa kyauta da bashi a shafi ɗaya kamar duk abu guda ne, alhali bashin da ruwa a kansa, kuma ba dole ba ne a karɓa, ana iya ɗaukar kyautar a bar bashin. A kuma tambayi ofishin kuɗi ko za su rage nasu tallafin idan yaro ya samo sukolashif daga waje, wasu jami'o'in haka suke yi.

UNCF, gidauniyar tallafa wa ɗalibai baƙar fata wadda aka kafa tun 1944, tana da shafi guda da yaro zai yi rajista ya ga tallafi iri-iri. Thurgood Marshall College Fund kuma ta fi maida hankali kan jami'o'in baƙar fata na gwamnati, irin North Carolina A&T da ke nan Greensboro. Sai dai tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, shirye-shirye da yawa sun sauya sharuɗɗa, wasu sun koma duba ƙarfin aljihun gida. Don haka kar a dogara da abin da ɗan maƙwabta ya faɗa shekara 3 da suka wuce, a buɗe shafin bana a karanta. QuestBridge ma a gwada ta, ita dama ta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ce, tana rufewa ƙarshen Satumba.

Rubutun da yaro zai yi game da kansa, a fara shi tun hutun bazara. Yaranmu suna raina abin da suke da shi, yarinyar da ke yi wa mahaifiyarta tafinta a asibiti tun tana shekara 10, ko yaron da ke koyar da ƙanana a Islamiyya duk Asabar, wannan shi ne shugabancin da ake nema, sai ka ga sun bar shi sun je suna rubuta abin da kowa ke rubutawa. Malaman da za su rubuta wasiƙar shaida kuma a gaya musu da wuri, aƙalla wata guda.

Bayan an shiga jami'a neman bai ƙare ba. INROADS tun 1970 take haɗa ɗalibai da kamfanoni su yi aikin hutu ana biyansu, ƙungiyar SEO ta yi suna wajen shigar da yara bankuna da harkar kuɗi, mai karatun injiniya kuma ya shiga NSBE, ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata, tun zangon farko don kamfanoni na zuwa taronsu ɗaukar ma'aikata. Ƙungiyar MLT kuma a shekara ta biyu ake cike fom ɗin shirinta na Career Prep, mai shirya ɗalibai don samun aiki, wanda ya bari sai ya shiga shekara ta uku to ta wuce shi.