Daga hunturun Garwa zuwa ƙanƙarar Faransa: yadda ake kai ƙaramin yaro wasan siki

Iyalai da dama daga Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusseri da Njamena suna zaune a Faransa, wasu karatu ya kai su, wasu aiki. Ba a jimawa yaro zai dawo daga makaranta yana cewa 'yan ajinsu sun je tsauni wasan siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna a ƙafa, shi ma sai an kai shi. Abu ne mai yiwuwa, ko da kuɗin gidan ba su taka kara sun karya ba. Sai dai sanyin can daban yake da wanda muka taso a ciki. Hunturunmu busasshe ne, da asuba a watan Janairu ma'auni yakan tsaya wajen digiri 11 zuwa 18, hantsi na yi kowa ya tuɓe rigar sanyi. A tsauni kuwa, duk mita 1,000 da aka hau ana rasa kusan digiri 6 da rabi. In an baro Girenobul, birnin da ke gindin tsaunuka, tana digiri 5, ana iya samun filin wasa a mita 1,800 yana digiri 5 ƙasa da sifili. Kuma sanyi ne mai tafe da ruwa. Yawancin yaran da ake gani suna kuka a kan dusar ƙanƙara, in an taɓa bayansu ko safarsu za a ji a jiƙe.

Daga nan ne kuskuren farko yake fitowa, wato jibga wa yaro kayan auduga kamar yadda ake yi a gida: singileti, riga, wata rigar, suwaita biyu. Yaro ya yi guje-guje ya yi gumi, auduga ta sha ta riƙe, da ya tsaya sai gumin ya huce a jikinsa. Hawa uku ake so, kowanne da aikinsa. Na ciki riga da wando masu kama jiki, na ulu ko na zaren roba, waɗanda ke fitar da gumi su bushe da wuri. Na tsakiya rigar laushi da ake kira polaire, ita ke riƙe ɗumi. Na waje kuma wanda ruwa da iska ba sa ratsawa. A duba takardar da ke jikinsa, za a ga lamba da milimita: 5,000 shi ne mafi ƙaranci, 10,000 ya fi dacewa da yaron da zai yini yana zama a ƙanƙara. Ga ɗan shekara 3 ko 4, haɗaɗɗiyar riga da wando ta fi hana ƙanƙara shiga ta ƙugu, amma tana ba da wuya in fitsari ya matso, don haka a kai shi bayi kafin a ja zik. Ba dole a sayi sabo ba. Yaro kakar sanyi ɗaya yake yi ya fi ƙarfin kayan, kuma a watannin Oktoba da Nuwamba ƙungiyoyin wasan sukan buɗe kasuwar gwanjon kayan siki.

Safar ƙafa ɗaya tak, doguwa har gwiwa, a miƙe ta kada ta nannaɗe. In aka sa biyu takalmi yana matsewa, jini ya kasa zagayawa, ƙafar ta fi yin sanyi. Kada a cusa wandon ciki a takalmi, inda ya tattare nan zai ci ƙwauri. A hannu a sa safa mai aljihu ɗaya, wadda yatsu huɗu ke zama tare suna ɗumama juna, kuma a riƙe ta canji a jaka, domin ta farko ba ta kai azahar a bushe. Dogon mayafin wuya yana iya maƙalewa a injin hawa, a sa zoben wuya na laushi a madadinsa. Haka hijabin uwa ko na yarinya: gajere, marar allura, a tura bakinsa cikin riga.

Hular kwano ba abin ciniki ba ce. A auna kan yaro da tef ta saman gira, a ce wa mai haya adadin santimita, a duba alamar EN 1077 a ciki. In an ɗaura an girgiza kai ta motsa, ta yi girma. Ba a sa hula mai kauri a ƙarƙashinta. Iyaye mata su tuna da wannan tun ranar kitso: shuku ko kitso mai duwatsu yana hana hular zama, kuma in yarinya ta faɗi duwatsun ne za su danne fatar kai. A yi mata kwantacce wanda ya gangara ƙeya.

Allunan siki da takalmansu haya ake yi a tashar, wato wurin wasan a kan tsauni. Ga mai koyo, allon in an tsayar da shi ya tsaya tsakanin ƙirji da haɓa, wato yaro mai tsawon mita 1 yana ɗaukar na santimita 80 ko kusa da haka. Takalmi da tsawon ƙafa a santimita ake auna shi. Ya kamata ya riƙe idon sawu kamar ɗaurin karaya, amma yatsu su iya motsi, diddige kuma kada ya ɗaga in yaro ya lanƙwasa gwiwa. Kada a ɗauki mai girma wai don ya sake. Mai haya zai tambayi nauyi, tsawo da shekaru, a gaya masa gaskiya, in ya yiwu a auna yaron kafin a bar gida. Da waɗannan yake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a allo. In ya yi tsauri allon ba zai fita ba sa'ad da aka faɗi, ƙafa ce za ta murɗe. In ya yi sako-sako kuma zai riƙa ficewa a banza. Sanduna ba su da amfani a matakin farko, sai ma su tsone wa wani ido.

Wurin zuwa, a ra'ayinmu manyan tashoshi masu suna ɓarnar kuɗi ne ga iyalin da yaronsu bai wuce shekara 5 ba. Ƙananan tashoshi masu tsayin wajen mita 1,000 zuwa 1,500 sun wadatar, irin su Autrans da Villard-de-Lans kusa da Girenobul, Les Rousses a tsaunukan Jura, ko La Bresse a Vosges. Hutun makaranta na Fabrairu cunkoso ne da tsada. Janairu ya fi sauƙi amma ya fi sanyi, Maris kuma rana ta fi tsawo, jikin yaro ya fi jurewa. Tashoshi da yawa ba sa karɓar kuɗin hawa ga 'yan ƙasa da shekara 5, sai dai a tafi da takardar shaidar shekaru. A ƙara 'yan yuro a yanki inshora tare da tikiti, don ɗauko wanda ya ji rauni daga kan gangara ba kyauta ba ne.

Makarantar koyon siki ta Faransa, ESF, masu jajayen kaya, tana karɓar yara daga shekara 3 a filin da aka killace musu, ajin Piou-Piou, daga nan Ourson, sai Flocon. In uba da uwa ba su iya siki ba, a ba malamai yaron, safiya ɗaya ta wajen awa 2 ta isa a rana. In ɗayanku ya iya kuma yana son ya fara masa da kansa, ga yadda ake bi. Yaro ya fara yawo da takalman kawai har ya saba da nauyinsu. Sai a sa masa allo ɗaya a fili shimfiɗaɗɗe ya riƙa turawa da ɗaya ƙafar, a sauya, sannan a sa biyun. Bayan haka a nemi 'yar gangara wadda ƙarshenta ya kwanta, inda zai tsaya da kansa ba tare da birki ba. Ya ɗora hannu a gwiwa, ya dubi gaba. Babba ya tsaya a ƙasa yana fuskantarsa. In wannan ya zauna, sai birki: kawunan alluna su kusanci juna ba su haɗu ba, bayansu ya buɗe. Gajeriyar magana yaro yake riƙewa, "buɗe baya" ko "hannu a gwiwa", a maimaita ta kullum iri ɗaya. A koya masa tashi ma: ya kwanta ta gefe, alluna su gitta gangara a ƙasa da shi, ya tura da hannu.

Abin da ake yawan gani, kuma bai kamata ba, shi ne uba ya sa yaro tsakanin ƙafafunsa su gangaro tare. Yaron jingina yake koya, nauyinsa yana komawa baya, ranar da aka sake shi alluna su gudu su bar shi zaune. In uban ya yi tuntuɓe kuma a kan ƙafar yaron zai faɗa. Layukan gangara da launi ake bambanta su, a tsaya a koren layi, shi ne mafi sauƙi, shuɗi na biye, ja da baƙi ba na mai koyo ba ne. A kujerar da ke hawa kan waya, yaron da bai kai mita 1.25 ba dole babba ya zauna kusa da shi.

Ƙanin da bai kai shekara 3 ba, abin zama na ja da ake kira luge ya ishe shi, a filin da aka ware, ƙafa a gaba, da hular kwano, kuma ba hanya ko bishiya a ƙasa. Goyo kuwa sai an kula. Uwa tana tafiya tana jin ɗumi, jariri a baya ba ya motsi, ƙafafunsa a waje zane ya matse cinya. Can baya ne yake sandarewa ba a gani. In za a ɗauke shi, a gaba, cikin babbar riga, fuska a buɗe, ana taɓa ƙafa da wuya a kai a kai. Ba a taɓa yin siki da goyo. Jaririn da bai shekara ba kada a hau da shi kololuwa a motar waya, kuma a hanyar hawa da mota a ba shi nono ko ruwa don kunne ya buɗe.

Daga al'adun hunturu, shafa mai shi ne wanda ke aiki a can ma. Man kaɗe ko basilin a kumatu, hanci da leɓe kamar rabin awa kafin fita. Amma a fara da man kariya daga rana mai lamba 50, baƙar fata ma tana ƙonewa a tsauni. Sabuwar ƙanƙara tana maido da hasken rana har kashi 80 cikin 100, kuma ido ba ruwansa da launin fata. Tabarau mai lamba 3 ko 4 dole ne ko da gari ya yi hazo. Ƙunar ido ba ta nunawa nan take, sai da dare yaro ya farka yana hawaye yana cewa akwai yashi a idonsa.

A riƙa shiga ɗaki ana hutawa duk bayan minti 40 ko 45 in sanyi ya kai digiri 5 zuwa 10 ƙasa da sifili. In ya kai 15 ƙasa da sifili ga iska, ƙanana su zauna a gida. Sanyi yana kashe ƙishi, don haka a ba su ruwa ko ba su nema ba. Kunun gyaɗa a fulas da dabino a aljihu sun fi duk abin da za a saya a can. A gidajen abinci a yi tambaya: tartiflette da naman alade ake yi, fondue da giya, vin chaud kuma giya ce aka dafa.

Yaron da ke rawar ɗari yana kuka da sauran ƙarfinsa, a shigar da shi a sauya masa busassun kaya. Wanda ya yi shiru, yana layi, yana jin barci, magana na sarƙewa, shi ne abin tsoro, a kira lambar gaggawa, 112 ko 15. Cizon ƙanƙara a fatarmu ba lalle ya yi ja ba, wurin yakan yi toka-toka, ya yi tauri, yaro ya daina jinsa, galibi yatsu, kunne da kan hanci. Kada a murza, kada a kara a hita ko wuta, domin naman da ya daskare murza tana yaga shi, kuma ba ya jin ƙuna. A tsoma a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun babba ke ji daidai, har wurin ya yi laushi. Zai yi zafi sa'ad da jini ke dawowa. In ya yi bororo, asibiti.

Akwai abubuwa biyu da likitan tsauni ba lalle ya kawo a ransa ba sai kun faɗa. Yaro mai sikila, sanyi da tsayi da rashin ruwa duk suna tayar masa da ciwo, kada a shirya tafiyar sai likitansa ya amince ya kuma faɗi iyakar tsayin. Na biyu, in an dawo daga Kamaru ko Chadi a 'yan watannin nan sai zazzaɓi ya tashi, a ce a gwada jini don maleriya, kada a ɗauka mura ce.

A masauki, ɗakin barcin yaro digiri 18 zuwa 20 ya isa. Gawayi ba ya shiga ɗaki ko kaɗan, ko na jin ɗumi a kasko, ko na shayi, ko na turaren wuta. Ɗakunanmu na gida iska tana shiga ta ƙofa da rufi, na can kuwa a toshe suke ruf. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi. In 'yan gida suka fara ciwon kai da tashin zuciya lokaci ɗaya, a buɗe tagogi, a fita, a kira 112. Jiƙaƙƙun kaya a rataye su kusa da hita, ba a kanta ba, a zare cikin takalman siki ya kwana yana shan iska. A kuma tambayi likita batun bitamin D, tunda ranar hunturun Turai ba ta isar fata mai duhu.

Wanda zai je da motarsa ya sani, tun 2021 daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris dole ne a yankunan tsaunuka da aka sa wa alama a samu tayoyin sanyi, ko sarƙa a but. A gwada ɗaura sarƙar a ƙofar gida da rana kafin tafiya. A kujerar yaro kuma a cire masa rigar waje mai kauri kafin a ja bel, don a lokacin hatsari tana lotsawa bel ya yi sako-sako. A ɗaure shi da polaire ɗinsa, a lulluɓa rigar ta sama.