Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran wuta da sanyaya sabar

Da zarar sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ta mutu ba zato, ko fankokinta suka kama ruri, sai ka ga mai gyara ya hau zare kaya yana canzawa. Wannan gaggawar ce babban kuskure. Yawancin sabobi suna da 'yar kwamfutar sa ido a ciki, iDRAC a na Dell, iLO a na HPE, wadda ke aiki ko da sabar tana kashe, muddin waya na jone da wuta. Ita ke rubuta lokacin da wuta ta ɗauke, da fankar da ta rage gudu, da zafin iskar da ke shiga. Karanta wannan tukuna. Sau da yawa za ka tarar PSU ɗin (akwatin da ke ba sabar wuta) da aka ɗora wa laifi lafiyarsa ƙalau, wutar da ke zuwa masa ce ta yanke.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ga sabar mai PSU biyu, amma duka an jona su a layin wuta ɗaya. Amfanin biyun shi ne in ɗaya ya tsaya ɗayan ya ɗauki nauyi. To in layin ya faɗi fa? A raba su, kowanne da hanyarsa, a kuma tabbatar layi ɗaya zai iya riƙe nauyin duka shi kaɗai. In za a canza ɗaya, a sa mai ƙarfin watt daidai da ɗan'uwansa. Kada kuma a kwance PSU don leƙa cikinsa, domin yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare waya.

Ta ɓangaren zafi, wasu sukan buɗe murfi wai don sabar ta sha iska. Hakan ƙara mata zafi yake yi. An ƙera ta ne iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan firosesa da RAM, ta fita ta baya. In an buɗe murfi, ko an manta da mayar da robar da ke jagorantar iskar, sai ta watse ba ta isa inda ake buƙata ba. Haka guraben da aka bari a buɗe a jikin rak, wato kantar ƙarfen da ake jera sabobi a ciki, suke dawo da iska mai zafi gaba, don haka a toshe su da faranti. A kau da tarin wayoyi daga bayan sabar, a share ƙura. ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya wuri, ta ba da shawarar iskar da ke shiga ta tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27 na Selsiyos, kuma a gaban sabar ake aunawa, ba a bakin na'urar sanyaya ɗaki ba.

Rurin fanka ma ba kullum zafi ke jawo shi ba. Sabon katin da aka soka a cikin sabar amma ba ta gane shi ba yakan sa ta ƙure gudun fankoki don rigakafi. Duba abin da aka ƙara kwanan nan, ka sabunta manhajar 'yar kwamfutar sa idon, kafin ka sayi sabuwar fanka.