Yadda ake maganin tsutsar saiwa a lambun kayan miya

Manomin rani a bakin kogin Binuwai kusa da Garwa, ko a fadamun Marwa, idan ya ga tumatir ko kuɓewa suna yaushi da tsakar rana alhali ƙasa tana da danshi, ya tuge guda ɗaya ya duba saiwar. In ta yi ƙulle-ƙulle waɗanda ba sa ɓallewa ko an murza su da yatsa, to tsutsar saiwa ce da ake kira Meloidogyne, wadda ido ba ya gani, kuma ta fi ƙarfi a jigawa.

Maganin turara ƙasa, irin su dazomet, kafin shuka ake sa shi, domin yana kashe tsiro. A share tsofaffin saiwoyi a ƙone, a jiƙa fangali, a barbaɗa maganin bisa ma'aunin da ke jikin kwalinsa, a cakuɗa shi da ƙasa zurfin kamar santimita 20, sannan a rufe da leda. Idan kwanakin da aka rubuta a kwalin suka cika, a yaye ledar, a kafce ƙasar ta sha iska, a jira aƙalla mako 2 zuwa 3. Kafin dashe, a gwada irin latas a ɗan gwangwani na wannan ƙasa. In bai tsiro da kyau ba, da sauran guba. Wannan gwaji, a ganina, bai kamata a tsallake shi ba.

Magunguna irin su fluopyram kuwa lokacin dashe ake zuba su a gindin shuka. A sa safar hannu da takunkumi, kuma kada a wanke kayan aiki kusa da rijiya.

Magani kaɗai ba ya ƙarar da tsutsar, saboda haka a riƙa hutar da fangalin da dawa ko masara.